Kada A Ƙwanƙwasa Wa Dokta Rehbein Ƙofa

Akwai wani dattijo a layinmu a Oldenburg, sunansa Eckhard Rehbein. Shekara ashirin da shida ya yi yana shugabantar makarantar sakandare kafin ya yi ritaya. In ka kira shi ba ka sa Dokta a gaban sunansa ba, kallon da zai yi maka sai ka ɗauka ƙafarsa ka taka.

Matarsa Irmtraud ce ke haɗa shi da duniya. Sau goma sha ɗaya suka shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa tare, kuma duk ita ce mai gaisawa da mutane, ita ce mai riƙe sunan masu aiki, ita ce mai bin bayansa tana ba da haƙuri in ya yi halin nasa. Da ta rasu, sai ya zama babu mai gyara masa ɓarna.

Shekara biyu bayan rasuwarta, a watan Yuli, ya ce zai yi tafiyar shi kaɗai. Ya zaɓi jirgin da ke tashi daga Bremerhaven ya nausa arewa, har can inda rana ba ta faɗuwa. Wannan ne karon farko da ya hau matakalar jirgi babu wadda ke riƙe masa hannu.

Ɗakunan masu tafiya su kaɗai a hawa na huɗu suke, can ƙarshen wani dogon lungu. Babu taga a cikinsu, kuma ƙugin inji ba ya yankewa dare da rana. Nasa shi ne 4119. Bayansa babu kowa sai ɗakin ajiyar zannuwan gado.

Yana kokawa da katin buɗe ƙofa sai ƙofar 4117 ta buɗe. Wata tsohuwa gajera mai faɗin kafaɗa ta leƙo, da butar shayi a hannunta. Gesine Tammen ke nan, daga wani ƙauyen masunta a bakin teku. Shekara arba'in ta yi tana ɓare jatan lande har yatsunta suka lanƙwashe. 'Ya'yanta ne suka haɗa mata tafiyar don murnar cikarta shekara saba'in.

"Sannu maƙwabci! Kai ma kai kaɗai ne? To mun zama biyu."

"Dokta Rehbein," ya ce, bai ko juyo sosai ba.

"Dokta? Madalla! Gwiwar nan tawa tun bara take..."

"Ba likita ba ne ni, Uwargida."

"Af. To ba komai, kowa da amfaninsa." Ta matso. "Ka ga, a garinmu mu waɗanda mazanmu suka mutu, kowacce tana duba labulen tagar 'yar'uwarta da safe. In tara ta yi ba a ɗaga ba, sai a je a buga ƙofa. Nan kuwa sun saka mu a akwati, ko taga babu. Sai mu yi haka: in na tashi in buga bango sau biyu, kai ma ka buga sau biyu. Shi ke nan. Ba sai ka yi hira da ni ba, na ga ba ka da fuskar hira."

"Uwargida, ban shigo jirgin nan don a riƙa ƙidaya mini numfashi ba."

Ya shige ya rufe ƙofa.

Washegari ƙarfe takwas, ƙwan ƙwan, a bango. Gesine ba ta ji kashedin ba, ko ta ji ta yi biris. Ƙarfe goma kuma Crisanto mai gyaran ɗakuna, wani dattijo mai furfura da ya shekara ashirin yana aikin jirgi, ya ƙwanƙwasa zai canza tawul, alhali Dokta yana karatu. Da yamma aka zaunar da shi a teburin masu tafiya su kaɗai, su takwas, wani direban babbar mota ya dafa masa kafaɗa ya kira shi abokina.

Abin ya ishe shi. Ya koma ɗaki ya ɗauko takarda da biro.

Kun san mu da takarda. Ka yi wa mutumin ƙasar nan magana da baki sau goma, zai ce zai duba. Ka rubuta masa layi uku ka sa kwanan wata, sai ka ga jikinsa yana rawa. Dokta Rehbein kuwa gwani ne a wannan fage, da takarda ya yi mulkin makaranta.

Sharuɗɗa uku ya jera. Na ɗaya, kada ma'aikaci ko fasinja ya ƙara taɓa masa ƙofa ko bango, in yana son a gyara ɗaki shi zai faɗa. Na biyu, kada a kira wayar ɗakinsa. Na uku, a cire sunansa daga teburin cin abinci, zai riƙa ɗiban abincinsa da kansa lokacin da ya ga dama. Ya ambaci sunan Crisanto, ya ambaci na Gesine. Ya yi kofi biyu ya kai teburin karɓar baƙi.

Jami'ar da ke wurin, Svenja Brodersen, ta karanta ta ɗago kai.

"Yallaɓai, a ƙa'idarmu in katin kada a dame ni ya kwana a ƙofa, mukan leƙa mu ga lafiyar mutum."

"Shi ya sa na rubuto. Ki duba ƙasa, na ɗauki alhakin kaina, na sa hannu. Lafiyata ƙalau, ba yaro ba ne ni. Buga hatimi a duka biyun."

Ta buga. Aka rubuta wa Crisanto gargaɗi a fayil ɗinsa. Aka kira Gesine gefe aka ce mata cikin ladabi an kawo ƙararta, ta bar bawan Allah ya huta. Tsohuwar da ba a taɓa kai ƙararta ba a rayuwarta ta koma ɗaki fuskarta tana zafi don kunya. Ranar ko shayinta ba ta dafa ba.

Dokta ya rataya katinsa a ƙofa ya samu abin da yake so. Kwana uku babu wanda ya ce masa sannu.

Bayan sun bar tashar Bergen, kyaftin ya yi magana ta lasifika. Ya ce kwana biyu za a yi ba a ga ƙasa ba, teku za ta ɗan motsa, kowa ya riƙa kama ƙarfen bango in yana tafiya.

Ba ɗan motsi ba ne. Hazo ya sauko ya rufe ko'ina, jirgi ya fara busa ƙaho duk bayan minti biyu. Rana ba ta faɗuwa, amma ba a ganinta, sai wani haske mai launin toka da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Ma'aikata suka soke jakunkunan amai a jikin ƙarfen lungu. Rabin fasinjoji suka kwanta, ɗakin cin abinci ya zama kufai.

Ranar Alhamis da safe, bakwai da rabi, Dokta yana tsaye a banɗaki yana aske gemu. Ƙasa a jiƙe take. Jirgi ya hau wata igiyar ruwa ya sauko da ƙarfi, ƙafarsa ta zame. Ƙugunsa ya daki dokin ƙofar banɗakin, haƙarƙarinsa ya daki bakin masai. Ya ji ƙarar karyewar kamar an taka busasshen ice. Ƙofar banɗakin ta juyo ta kusa rufuwa.

Da ya farfaɗo, abin da ya fara ji kunya ce. A hankali ya ce, "Gafara dai, akwai wani a kusa?" kamar mai neman a miƙo masa gishiri.

Da ya gane babu mai ji, ya buɗe baki zai yi ihu. Sai ya ji kamar an soka masa wuƙa a ƙirji. Muryar da ta shekara ashirin da shida tana tsayar da yara ɗari takwas a fili ta fito kamar raɗa.

Waya tana gefen gado, taku huɗu daga inda yake. Ya jawo ƙofar da yatsu, ya gwada jan jiki. Dokin ƙofar banɗakin jirgi tsayinsa ya kai tafin hannu, don kada ruwa ya fita. Sau biyu ya gwada ɗora ƙugunsa a kai, sau biyu yana suma. Ya buga bango da ƙotar reza. Bangon ɗakin zannuwa ne, babu kowa a bayansa.

Ƙarfe goma ya ji ƙarar keken tawul yana tahowa a lungu. Ya tsaya daidai ƙofarsa.

Sai muryar Crisanto, yana yi wa wata sabuwar ma'aikaciya magana: "Ke! Ba wannan ba. Wannan mai takarda ne. Ko inuwarki kada ta taɓa ƙofar nan."

Aka kunna injin shara. Dokta ya yi ta kira da ɗan abin da ya rage masa na murya, har keken ya yi nisa.

Tayil ɗin ƙasa ya fara shigar masa da sanyi cikin ƙashi. Famfo yana samansa, yana ganinsa, hannunsa ba ya kaiwa. Ya jawo jiƙaƙƙen tawul ya tsotsa har ya bushe. Fitilar banɗaki tana kunne, babu safe babu yamma, sai ƙahon jirgi da ke ta busawa. Tsoro na gaske ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya lissafa: sauran kwana takwas jirgin ya koma Bremerhaven. Kafin nan babu wanda ke da dalilin buɗe ƙofar nan, shi da hannunsa ya toshe duk dalilan.

Ita kuwa Gesine ta daina buga bango, amma ba ta daina gani ba. Idon da ya saba duba labule ba ya yin ritaya.

Kowace yamma ana soke takardar shirin washegari a ƙofar kowane ɗaki. Ta lura Dokta yakan zare tasa da sassafe, kafin azahar kuma ya mayar da ita teburin karɓar baƙi ya zagaye kurakuran rubutu da jan biro. Ranar Alhamis da rana ta wuce, takardar tana nan. Ta ce a ranta, amai ne ya kwantar da shi kamar kowa, ina ruwana.

Juma'a da safe ta fito, takardu biyu ne a ƙofar.

Ta koma ɗaki ta zauna a bakin gado tana wasiwasi har rana ta take. Ta tuna zafin kunyar ranar da aka kira ta gefe. Ta tuna kuma wata maƙwabciyarta, Antje, da aka bari har ƙarfe sha ɗaya saboda kowa yana cewa kada a takura mata, kafin a buɗe ƙofarta an riga an makara. Ta miƙe ta fita ta buga ƙofar 4119 da tafin hannu.

"Maƙwabci! Ka zage ni ma in ji muryarka!"

Crisanto ya saki keken ya rugo. "Mama, don Allah, don Allah! Ki rufa mini asiri. Gargaɗi ɗaya gare ni a kan mutumin nan. In aka ƙara, a tashar gaba za a sauke ni."

"Kana da katin buɗewa, ko ba ka da shi?"

"Ina da shi, Mama, amma na'ura tana rubuta sunan duk wanda ya buɗe. Ni ma tun jiya raina bai kwanta ba. Na faɗa wa shugabarmu, ta nuna mini takardar."

Duk wannan a kunnen Dokta. Harshensa ya kumbura ya cika masa baki. Ya ɗaga reza zai buga ƙasa, ta suɓuce daga yatsunsa ta gangara bayan masai. Ya ji takun tsohuwar yana nisa, ya tabbata shi ke nan, ta tafi.

Teburin karɓar baƙi ta nufa. Akwai layi, masu neman maganin amai da masu ƙorafin an soke rawa. Ta bi layin kamar yadda muka saba, minti ashirin, tana murza yatsunta.

Brodersen ta saurare ta, ta duba na'ura. "Uwargida Tammen, rabin jirgin nan a kwance yake. Kuma fasinjan ya ba da umarni a rubuce."

"To kira wayarsa."

"Sharaɗi na biyu ya hana."

"Aiko a leƙa."

"Na ɗaya ya hana. Kuma ke ma, ki yi haƙuri, sunanki yana ciki."

Wani mai jar fuska a bayanta ya ce, "Haba Iya, ki bar mutum ya sha iska mana. Ba kowa ke son a sa masa ido ba." Wata ta ce, "Mutanen ƙauye ke nan, katsalandan a jininsu yake."

Gesine ba ta juya ba. Ta ce wa jami'ar, "Ba ni takarda da biro."

Ta sunkuya a kan teburin ta fara rubutu da yatsun nan nata masu lanƙwasa, harafi bayan harafi, layi yana ƙara tsawo a bayanta. Ta rubuta: Ni Gesine Tammen ta ɗaki 4117, yau Juma'a ƙarfe ɗaya da minti goma na rana, na sanar da jami'a Svenja Brodersen cewa mutumin ɗaki 4119 bai fito ba tun safiyar jiya, kuma ina tsoron yana cikin haɗari. Ta ji, ta ƙi a buɗe.

Ta juya takardar ta tura mata. "Sa hannu nan. Ki buga hatimin nan naki. Kofi biyu, ɗaya nawa."

Fuskar Brodersen ta canza. "Ba zan iya sa hannu a wannan ba."

"Me ya sa? Ƙarya na rubuta?"

"A'a, amma..."

"To 'yata, ɗaya za ki yi, ko ki sa hannu ko ki buɗe ƙofa. In yana lafiya, ya sake kai ƙarata, ku sauke ni a kan ƙanƙara in ya so, na yarda. In kuwa ba ya lafiya, wata rana za a karanta wannan a gaban alƙali, kuma sunanki ne a kai, ba nawa kaɗai ba."

Ƙahon jirgi ya busa a waje. Brodersen ta dubi takardar Dokta mai hatimi, ta dubi ta tsohuwar. Sai ta ɗaga waya ta kira jami'in tsaro da ma'aikaciyar jinya.

Da aka buɗe 4119, warin ne ya fara tarbar su. Gado a hargitse, rigar da ya shirya sawa tana rataye a kujera. Jami'in ya tura ƙofar banɗaki, ta tokare da ƙafar mutum.

Leɓɓansa sun tsage, fatarsa ta yi launin toka, idonsa ɗaya a buɗe ba ya motsi. Ma'aikaciyar jinya ta durƙusa ta ɗora yatsu a wuyansa. Ta daɗe a haka, har Brodersen ta rufe bakinta da hannu.

"Yana nan," ta ce. "Da ƙyar, amma yana nan. A kira likita, a faɗa wa kyaftin."

Awa talatin ya yi a ƙasan banɗakin nan.

Jirgi ya juya ya nufi gaɓar Norway don jirgi mai saukar ungulu ya iya riskarsu. Mutum huɗu suka ɗauko shi a gadon ɗaukar marasa lafiya, Crisanto yana riƙe da kusurwar da ke kusa da kansa, hawaye yana zubo masa. Gesine ta manne da bango don su wuce. Dokta ya gan ta, leɓɓansa suka motsa. Ta sunkuyo.

"Yi shiru, adana numfashinka," ta ce. "Kai dai ka rayu. Rigima ma yi ta daga baya."

Aka wuce da shi. Ita ta ci gaba da tafiyarta tare da jirgin.

A wani asibiti a Tromsø aka yi masa aiki a ƙugu. Ƙishirwa da doguwar kwanciya sun taɓa masa ƙoda, ɗaya ba ta ƙara aiki ba. Har yau in kun gan shi a layinmu, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu yake tafiya.

Kwana biyar bayan aikin, likitar da ta karɓe shi ta zo ta zauna a gefen gadonsa.

"Da an ƙara awa uku, da ba magana muke yi da kai ba," ta ce. "Masu tafiya su kaɗai in irin wannan ta same su, sau da yawa sai a makara. Wa ya lura da kai?"

"Matar ɗakin kusa da ni."

"Lallai ka yi dacen aminiya. Ba ni lambarta in sa a faɗa mata ka farfaɗo, na san hankalinta yana kanka."

Ba shi da lambarta, bai san sunan ƙauyensu ba, ko gaisuwarta bai taɓa amsawa ba.

"Ba aminiyata ba ce," ya ce daga ƙarshe. "Ƙararta na kai. A rubuce."

Ya juya fuskarsa bango ya fashe da kuka, haƙarƙarinsa yana ciwo amma ya kasa tsayawa. Likitar ta ja labule ta bar shi.

Darasi: Wanda ya dame ka da "ka tashi lafiya?" ba raina ka ya yi ba, tsaron ranka yake yi ba tare da ka sa shi ba. In girman kai ya sa ka kori masu leƙa ka a ranar da kake tsaye da ƙafarka, ranar da ka faɗi umarninka za su bi. Kai kuma da ka ga ƙofar maƙwabci ta yi shirun da ba ta saba ba, kada kunya ko tsoron a ce ka cika shisshigi su hana ka bugawa. Ku tura wannan ga duk wanda kuka san yana zaune shi kaɗai, in kun tura kuma ku kira shi ku ji muryarsa.